Kwaɗon Alhaji Jumare

Shekara shida Rahmatu tana rubuta wa Turawan Ingila wasiƙa a kan wani guntun ƙarfe da bai kai taɓarya tsawo ba. A cikin shekarun nan ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu ta yaye su, an sauya mata tafireta sau biyu a ofishin masu fiton kaya inda take aiki a bakin tashar jirgin ruwa. Amma motar ubanta tana nan a tsakar gida, ɗare a kan bulo huɗu, ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Uban nata shi ne Alhaji Jumare mai goro, na tsohuwar Zongon Lome. Motar kuwa 'yar ƙarama ce koriya, ƙirar Ingila, kujera biyu tak, ba rufi sai wani tamfol da ake ja in ruwa ya sauko. Ta yi ƙasa ƙwarai, in ka zauna ciki kana iya miƙa hannu ka tsinci tsakuwa a titi. Fitilunta biyu sun tsiro a kan hancinta kamar idanu, shi ya sa tun ranar da ya saye ta hannun wani Bature safiyo mai komawa gida, Zongo ta raɗa mata suna Kwaɗo. Alhaji bai taɓa amsa sunan nan ba. Shi "motar" yake cewa, sai ka ce babu wata a duniya.

An yi surutu har an gaji. Mutum mai 'ya'ya takwas ya sayi abin da ko huhun goro ɗaya ba ya ɗauka. Shi ko a jikinsa. Kowace Lahadi bayan la'asar sai ya sa Hajiya Asibi, uwar su Rahmatu, a kujerar gefe, su bi titin bakin teku, tana riƙe da mayafinta da hannu biyu tana yi masa faɗan gudu. A haka har ranar da ya faɗa wani rami a hanyar Palime, kirimaya ta karye. Kirimaya ita ce doguwar sandar nan mai haƙora da ke kai saƙon sitiyari zuwa ƙafafun gaba. In babu ita, ka yi ta murza sitiyari har Mahadi ya bayyana, ƙafa ba ta san kana yi ba. Shekara ba ta zagayo ba Hajiya Asibi ta rasu. Tun daga nan babu wanda ya sake zama a kujerar gefen, ko kaza ce ta hau sai Alhaji ya tashi da kansa ya kore ta.

Da a ce Alhaji mutum ne mai jin magana, da gyaran nan bai wuce mako biyu ba. Makanikinsa Tchakoura, mutumin Sokode, amininsa na shekara ashirin, ya samo kirimayar wata matacciyar mota a Adidogome, ya ce da ɗan yanka da ɗan walda za ta zauna. Alhaji ya ce a mayar. Tchakoura ya ce maƙeran Kumasi za su ƙera sabuwa fil in an kai musu karyayyiyar su gani. Alhaji ya ce shi bai yi kama da mai sa wa motarsa ƙirar maƙera ba.

"Dorijin nake so," in ji shi. Kalmar Faransancin da ya riƙe ke nan a duniya, wato kayan da ya fito daga kamfanin da ya yi motar. "Wanda ya haife ta shi ya san ƙashinta."

To wa zai rubuta wa kamfani? Rahmatu mana, ita da aka kai lakwal, makarantar Faransanci, ta iya boko. Sunan uwarsa ta ci, don haka "Uwata" yake kiranta, kuma duk sa'ad da ya ja sunan nan da taushi Rahmatu ta san wasiƙa ce. Ta rubuta da Faransanci, wani akawu mutumin Ghana a ofishinsu ya juya mata Turanci, ta buga, ta kai gidan waya. Kamfani suka ce sun daina yin irin motar tun tuni, a nemi wakilinsu na Ankara, babban birnin Ghana. Na Ankara ya ce Ikko. Na Ikko ya yi wata bakwai sannan ya ce a rubuta Ingila. Ta rubuta Ingila, wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba, wai kamfanin ya haɗe da wani ya sauya suna. Da ta samo sabon sunan suka aiko mata da littafin hotunan sababbin motocinsu, mai sheƙi, da fatan alheri. Wata shekarar kuma suka nemi lambar da ke jikin motar, ta aika, suka ce waccan ta inji ce, ta gangar jiki suke so. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Rahmatu ta ce ita dai ta dafa, romon ne har yau ba ta gani ba.

Ana wata ga wata. A shekarar saba'in da bakwai gwamnati ta ce a tashi daga tsohuwar Zongo, ana son wurin don manyan gine-gine, an yanka wa mutane filaye can arewa bayan gari. Zamani ne na jam'iyya ɗaya da baki ɗaya, in an ce a tashi ba a tambayar dalili, sai dai a tambayi rana. Mutane suka fara cire kwanon rufi da ƙyamaren ɗakuna suna lodawa a manyan motoci. Alhaji Jumare kuwa ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a gaban dattawan unguwa, ya ce wallahi tallahi ba zai fita gidan ubansa ba sai a cikin motar nan, tana tafiya da ƙafarta, shi yana tuƙi.

A bakin mai ƙosai Rahmatu ta ji labarin. Ta iso gidan ko takalmi ba ta cire daidai ba.

"Baba, da gaske ka rantse?"

"Na rantse."

"A kan motar da ba ta da sitiyari?"

"Tana da sitiyari. Kirimaya ce babu."

Ta je wurin limami, ya ce ai da sauƙi, ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Alhaji ya ce bai rantse don ya yi kaffara ba. 'Yan'uwanta maza suka ce a ɗauki motar a bayan babbar mota, shi ya zauna a cikinta ya riƙe sitiyari. Ya ce shi ba gawa ba ne da za a ɗauke shi a makara. Kowa ya watse ya bar ta da shi, don ita ce mai tafireta. Tsoro ya kama ta sosai, domin ta san halin ubanta. Ranar da katafila za ta zo zai shimfiɗa buzunsa kusa da Kwaɗo ya zauna, kuma masu zuwa da katafila ba su san Alhaji Jumare mai goro ba.

Cikin wannan hali sai ga wasiƙa daga Ingila, da wata 'yar takardar cikewa a ciki. Wai an share wani tsohon sito nasu an tsinci kirimaya biyu, su ke nan suka rage. A zaɓi ɗaya a jefa amsa a gidan waya cikin kwana talatin. Wasiƙar ta riga ta cinye ashirin da shida a hanya.

Akawun nan na Ghana ya duba ya ce mata tambaya ɗaya ce: *conduite à gauche* ko *conduite à droite*, tuƙin hagu ko tuƙin dama. Nan gizo yake saƙa. A Faransanci maganar tana da fuska biyu, tana iya nufin gefen titin da motoci ke bi, tana iya nufin gefen da sitiyari yake a cikin mota. Ta tambaye shi wanne Turawan ke nufi, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi keke yake hawa.

Ta sami Alhaji a zaure yana yayyafa wa goro ruwa.

"Baba, biyu suka rage musu, ta hagu da ta dama. Wacce za a aiko?"

"Har sai an tambaya? Dama."

"Sitiyarin motar fa a hagu yake."

"Uwata, a ƙasar nan wane hannu motoci ke bi?"

"Dama."

"To."

"Ina jin ba shi suke tambaya ba."

"Kina ji, ko kin sani?"

Ba ta sani ba. Ta ce a tambayi Tchakoura, aka ce ya tafi Sokode jana'izar wansa, sai bayan sadakar bakwai.

Alhaji ya goge hannu a jikin rigarsa. "Ni Jumare ban taɓa karɓar kaya da hagu ba. Ban miƙa wa mutum goro da hagu ba, ban shiga masallaci da ƙafar hagu ba. Yau da furfurata za a rubuta hagu a ƙarƙashin sunana a kai ƙasar Turawa, su ce ga irin tarbiyyar mutanen Zongo?"

Washegari a ofis ta ɗora bakin alƙalami a kan ɗan akwatin hagu, ta daɗe a haka. Babu mai ganinta. Zuciyarta tana gaya mata hagu ne. Amma ta yi lissafi irin na wanda ya gaji: in ta zaɓi hagu ya zama kuskure, laifin nata ne har ta mutu, in kuwa dama ce ta ɓaci, shi ya faɗa. Ta ja alƙalamin ta saka alama a dama, ta liƙe ambulan.

Kayan ya iso saura kwana biyar wa'adin tashi daga Zongo ya cika. Akwatin katako ne siriri, a ciki an naɗe ƙarfen da takarda mai maiƙo, yana ƙanshin sabon giris. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya raba goro a abin da ya rage na masallaci. Rabin unguwar ya riga ya zama kango, ɗakuna ba rufi, ƙofofi ba ƙyaure. Sauran iyalin gidan duk sun koma sabon wuri, saura shi da buzunsa da butarsa.

Tchakoura ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar da ƙarfen. Aka ji ƙwal, aka ji ƙwal, sai shiru. Can ya turo kansa waje.

"Alhaji, wa ya ce dama?"

Alhaji ya kau da kai, Tchakoura ya ci gaba.

"Ƙarfe dai dorijin ne, ba ƙarya. Amma wuyan da sandar sitiyari ke shiga ga shi can ya ɓullo a gefen fasinja. Wannan ta motocin Ingila ce, masu sitiyari a dama."

"A mayar musu su aiko ɗayar," in ji Alhaji.

Rahmatu ta zaro wata takarda da ta gani a gindin akwatin. Ba ta buƙatar akawu, shekara shida sun koya mata Turancin ba-mu-da-shi. Kamfani suna taya shi murna, ya sami ta ƙarshe. Ɗayar wani likita a ƙasar Beljiyam ya saye ta. Ba za a sake ƙera wata ba.

Ta jira ya ce wani abu, ko da "Uwata, kin faɗa" ne. Sai ya ce Turawa ba su iya tambaya ba.

Tchakoura ya ce hanya biyu ce. A cire sitiyari da birki da totur gaba ɗaya a mayar da su dama, direba ya koma waccan kujerar. Aikin wata guda ne, amma zai gwada a kwana huɗu. Alhaji ya dubi kujerar gefen, ya ce ba za a taɓa ta ba. Tchakoura bai ja maganar ba, don shi ma ya san Hajiya Asibi.

"To sai a kifa ƙarfen," ya ce. "In na juya shi, wuyan zai dawo hagu. Zai zauna. Abin da zai biyo baya ne ban ɗaukar maka alkawari ba."

Kwana uku yana fama. Ranar Laraba da hantsi ya ce Alhaji ya shiga ya gwada tun motar tana kan bulo. Alhaji ya yi bisimilla ya murza sitiyari dama. Ƙafafun gaba suka juya sumul, ba ƙara ba gargada, suka fuskanci hagu. Ya murza hagu, suka koma dama.

Rahmatu ta zauna a kan akwatin katakon. Dariya ce ta taso mata ko kuka, ita kanta ba ta tantance ba, ta dai toshe baki da gefen mayafi.

"Da ma na faɗa," in ji Tchakoura. "Yanzu duk abin da ka ce mata, kishiyarsa za ta yi. In kana son dama sai ka ba ta hagu."

"Tana tafiya da ƙafarta?"

"Tana tafiya. Amma Alhaji, kilomita goma sha biyar ne, kuma hannunka ya saba."

"Sauke ta."

Alhamis da safe katafila biyu suna tsaye a bakin layi, da sojoji a inuwarsu. Rahmatu ta ce wa ofis ɗanta ba shi da lafiya, ta zo. Ta tarar Alhaji ya sa babbar riga fara da hular da yake zuwa Idi, ya naɗe buzu ya cusa bayan kujera. Injin bai ba da wahala ba, don duk Juma'ar duniya Tchakoura yakan zo ya tayar da shi ya saurara ya kashe. Kwaɗo ta yi tari biyu ta kama. 'Yan tsirarun da suka rage a layin suka fito kallo.

An riga an cire ƙyauren babbar ƙofa. Abin da ake buƙata kawai ya fito ya karya dama ya bi layi. Tchakoura yana gaba yana ja da baya yana nuna masa da hannu. Motar ta taho a hankali, hancinta ya leƙo waje. Sai hannun Alhaji ya yi abin da ya saba tun yana saurayi, ya murza dama. Kwaɗo ta karkata hagu ta daki kusurwar zauren. Katangar ƙasa ce tun ta kakan Rahmatu, ta zube rabi, fitila ɗaya ta fashe, injin ya mutu. Wani soja a bakin layi ya ce wani abu, sauran suka yi dariya.

A nan haƙurin Rahmatu ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai matso jikin motar inda shi kaɗai zai ji.

"Baba, wasiƙa arba'in da ɗaya na rubuta. Ina da cikin fari ina bin layin gidan waya. Na gaya maka sitiyarin a hagu yake, ka ce tarbiyya. Ni ma na san hagu ne, na bi bakinka don kada a ce ni ce. Ga shi katafila ba ta taɓa gidan nan ba, kai ka fara rushe shi da hannunka na dama. Hagu hannu ne, Baba. Allah ne ya halicce shi, kuma da shi ka riƙa canja giya shekara bakwai..." Ta tsaya, don ta tuna a motar nan da dama ake canja giya. Haushi ya ƙara kama ta. "Ko ma dai da wanne ne. Na gaji. In sun zo su ɗauke ka kamar buhu, ni ba zan iya kallo ba."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Tchakoura ya sunkuya yana tsince gilashin fitila kamar bai ji ba.

Alhaji bai dube ta ba. Ya daɗe yana kallon ƙasar zauren da ta zubo a kan bonet. Sai a lokacin ta lura da yadda ya tsufa a cikin 'yar motar nan. Can ya karkata, ya kama hannun babbar rigarsa ya share kujerar gefen, ya share ta sau biyu, ya tura ƙofar ta buɗe.

"Shigo, Uwata. Hannun nan ba ya jin maganata. Ki riƙa faɗa mini."

Ta tsaya tana kallon kujerar. Fatar ta tsattsage, amma har yanzu da ɗan lotsawa a tsakiya inda mai ita take zama. Ta tattare zanenta ta shiga, gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta.

Tchakoura da mutum biyu suka tura motar baya, ya share bonet da tsumma, ya tayar da injin. Ya ce zai biyo su a kan babur.

"Dama za mu yi," in ji Rahmatu. "Saboda haka hagu, Baba."

Ya ja numfashi, ya murza hagu. Kwaɗo ta karya dama ta shiga layi da ido ɗaya.

Tafiyar hawainiya suka yi. Suka wuce wurin mai ƙosai da babu kowa, suka wuce masallaci ba rufi. In motar ta fara jan dama sai ta ce dama, in ta ja hagu ta ce hagu, har kanta ya fara juyawa. Sau ɗaya ta rikice suka kusa shiga kwata, ya ce mata ta natsu, ta ce shi ya natsu. Sojojin suka matsa suka ba su hanya, babu wanda ya yi dariya wannan karon. Suna wucewa ta ji an tayar da katafila a bayansu.

Alhaji ya ƙura wa titi ido, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ba shi da halin waiwaye ko na ƙiftawar ido, madubin kuma tun bara ya karye. Rahmatu ce ta juya. Ta ga katafilar ta shiga layinsu, ta wuce gidaje uku da ba kowa, ta tsaya daidai inda katanga ta riga ta buɗe mata hanya, ta sauke bakinta.

"Sun fara?" ya tambaya, idonsa na kan titi.

Ta juyo ta gyara mayafinta, ta riƙe shi da hannu biyu. Babban titin arewa yana gabansu, kuma dama za su karya.

"Hagu, Baba," ta ce. "A hankali."